Abin da Ƙungiyar Death Ta Bari Bayan Rasuwar Jagoranta

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani fanni na kaɗe-kaɗen ƙasashen waje wanda ba kasafai ake taɓa shi a shirye-shiryen al'adu da fasaha ba, wato salon death metal, musamman ƙungiyar nan ta jihar Fulorida a Amurka mai suna Death, wadda ta zo ƙarshe da rasuwar jagoranta Chuck Schuldiner a ranar 13 ga Disamba, 2001, yana da shekara 34 a duniya.

Na san da yawa daga cikin masu sauraro za su kau da kai da zarar sun ji sunan, domin kiɗa ne mai ƙarfi da sauri, kuma mawaƙinsa yana fitar da murya ne daga maƙogwaro kamar mai gurnani. Ba na neman kowa ya so shi. Abin da nake nema shi ne a yi wa mutumin adalci, domin tarihinsa ya nuna yadda mai fasaha yake girma har ya wuce abin da ya fara da shi. Schuldiner ya kafa ƙungiyar a 1983 yana matashi, da sunan Mantas, kafin a sauya mata suna a shekarar da ta biyo baya. Faifansu na farko, wanda ya fito a 1987, cike yake da zancen jini da gawawwaki irin na finafinan ban tsoro, kuma ni kaina ba na ganin akwai abin koyi a kalmominsa. Amma daga 1990 zuwa gaba sai ya juya ga halin ɗan Adam: masu cin amanar jama'a da sunan wa'azi, munafuncin abokai, illar miyagun ƙwayoyi ga jariran da aka haifa, da kewar ƙuruciya. A 1991 ma ya gyara tambarin ƙungiyar, ya cire juyayyen gicciyen da ke ciki don kada a jingina aikinsa da yaƙi da addini.

A shekarar 1991 ɗin ce kuma faifansu mai suna Human ya fito, wanda a ganina shi ne ginshiƙin gadon da suka bari. Schuldiner ya gayyato Sean Reinert a kan ganguna da Paul Masvidal a kan jita, dukansu daga ƙungiyar Cynic, tare da Steve DiGiorgio, suka ɗauki aikin a situdiyon Morrisound da ke birnin Tampa. Waɗannan makaɗa sun shigo da dabarun jaz da sauye-sauyen kari masu wuyar kamawa cikin kiɗan da ake ɗauka hayaniya ce kawai, kuma tun daga lokacin duk matashin da ya shiga wannan fanni ya san cewa sauri kaɗai ba zai fisshe shi ba, sai ya zauna ya koyi sana'a. Faifai bakwai ƙungiyar ta fitar tsakanin 1987 da 1998, kuma babu guda biyu da makaɗa iri ɗaya suka yi daga farko har ƙarshe, domin jagoran bai daina neman hannun da zai iya ɗaukar abin da yake ji a ransa ba.

Sashen da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na jinyarsa. A 1999 aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, aka yi masa tiyata a farkon 2000, sannan ciwon ya dawo a 2001. Mutumin da matasa a nahiyoyi da dama suke kwaikwayon yadda yake kaɗa jita bai iya biyan kuɗin asibiti ba, har sai da masoya suka riƙa tara gudummawa, wasu fitattun mawaƙa kuma suka ba da kayansu aka yi gwanjo. Wannan abin takaici ne ƙwarai, kuma ya tona asirin yadda harkar kiɗa take cin moriyar mai basira ta bar shi da lalurarsa.

Saboda haka nake girmama abin da ya faru a 2012, lokacin da tsofaffin makaɗansa, ciki har da Gene Hoglan da DiGiorgio da Reinert da Masvidal, suka haɗu suka zagaya wasu biranen Amurka da sunan Death to All, aka ware wani kaso na kuɗin don asusun Sweet Relief mai taimakon makaɗa marasa lafiya. Mai sauraro Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin mun saba ganin 'yan amshi sun ci gaba da rera waƙoƙin maigidansu bayan ya kwanta dama. Kamfanin fitar da faifai na Relapse shi ma ya sake fitar da faifan ƙungiyar da gyararren sauti, abin da ya kai su kunnen waɗanda ba a ma haife su ba sa'ad da aka ɗauke su.

Duk da haka akwai inda nake da damuwa. Zagayen tunawa ya ci gaba shekara da shekaru, kuma wajibi ne a riƙa tambaya ko manufar taimakon marasa lafiya tana nan a gaba, ko kuwa kasuwa ta rinjaye ta. Haka kuma faifai na biyu na Control Denied, wata ƙungiyar da Schuldiner ya kafa don yin waƙa da murya mai tsabta, wanda yake cikin aikinsa lokacin da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya maƙale a rigimar shari'a da jinkiri, bai fito a kammale ba. Reinert kuma ya rasu a Janairun 2020, ke nan masu iya ba da labarin daga tushe suna raguwa.

Ina roƙon ku keɓe wani shiri a watan Disamba a kan wannan ƙungiya, ku saka ɗan guntun kiɗan 1987 da na 1995 a jere don masu sauraro su ji tazarar da kunnensu, sannan ku gayyato masana su tattauna batun inshorar lafiya ga makaɗa.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku daga Kaduna