Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Mata Masu Karatu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne.

A taron ƙarshen bara kun zaɓi "uwa da 'yarta a cikin littattafan ƙagaggun labarai" ya zama jigon karatunmu na bana. Ga yadda ta kaya.

Mun buɗe da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Kusan kowa ta san labarin: Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ita kuwa ta kama sayar da abinci har ta aurar da 'yarta Saudatu ga Alhaji Abubakar. Mun yi zaton zama ɗaya zai ishe mu, sai da muka ƙara. Abin da ya riƙe mu shi ne wata ɗaliba da ta ce ita ba ta ga wata shaƙuwa tsakanin Rabi da Saudatu ba, tunda ba sa zama su buɗe wa juna ciki. Nan fa ɗaki ya ɗauki zafi. Wata dattijuwa daga cikinmu, wadda ta saba zama bakin ƙofa da carbinta ba ta cewa uffan, ta ajiye carbin ta ce, "Yarinya, ni har yau ban taɓa kiran sunan 'yar farina ba. Amma ki je ki tambaye ta wa ya sayar da akuyarsa ya yi mata gado." Aka yi tsit. 'Yar farin tana zaune kusa da ita, kanta a sunkuye, tana murmushi.

Bayan salla ƙarama muka koma Senegal, muka ɗauki littafin Mariama Bâ na 1979, wanda ta rubuta da Faransanci, mu kuma muka karanta fassarar Turanci, So Long a Letter. Masu jin Turanci suka riƙa warware wa sauran da Hausa, shafi bayan shafi, kuma sun cancanci godiya. Daba, babbar 'yar Ramatoulaye mai ba da labarin, ta raba kanmu. Ubanta ya auri ƙawarta Binetou, ita kuma ta tsaya kai da fata uwarta ta rabu da shi. Wasu suka ce 'ya ke nan, wasu suka ce ta cika tsaurin ido. Uwar Binetou kuwa, da ta tura 'yarta ga tsoho don gida da kujerar Makka, ba ta samu ko mutum ɗaya mai kare ta ba, duk da cewa (a faɗi gaskiya) kowaccenmu ta san irinta a unguwarsu. Wurin da ya fi yi mana nauyi shi ne inda Ramatoulaye ta gano 'yarta Aissatou tana da ciki tana makaranta, ta rungume ta maimakon ta kore ta. An tambayi iyayen cikinmu ko za su iya. Amsoshin ba su zo da sauri ba, kuma ban rubuta su ba.

A ganina, a matsayina na sakatariya, ribar bana ita ce matan da suka fara zuwa tare da 'ya'yansu. Maganar da alkunya ta hana a yi a tsakar gida, an yi ta a nan da sunan Rabi da Daba.

Ba duka aka cimma ba. Littafi na uku da muka tsara bai samu ba saboda damina ta ci mana zama, gasar gajeren labari ma ta tsaya a baki. Kuɗin wata-wata ya yi ƙasa, ma'aji za ta karanto lissafi da kanta ranar taro. Akwai kuma littattafan ƙungiya da aka ara tun kafin azumi ba su dawo ba. Wadda ta san akwai ɗaya a ƙarƙashin matashinta, ta taho da shi, ba za a tambaye ta komai ba.

Jigon baɗi za a kaɗa masa ƙuri'a a taron nan. Zuwa yanzu shawara biyu ce a hannuna: kishiyoyi, ko kuma kaka da jika.

Wassalam.
Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa