Maigidana ya sake rantsuwa zai bar giya dare ɗaya, ni kuma gabana faɗuwa yake

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka da alheri. Na daɗe ina sauraron shirinki, ban taɓa kawowa a raina wata rana ni ce zan rubuto ba. Don Allah kada a faɗi unguwarmu, a ce wata baiwar Allah ce daga birnin Kano.

Shekararmu 11 da aure, yaranmu 4. Maigidana yana sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, ni kuma ina koyar da ilmin halittu a wata sakandaren 'yan mata. Mutum ne mai sallah, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, cefane bai taɓa yankewa ba. Amma yana shan giya, kuma a duk danginsa da nawa babu wanda ya sani sai ni.

Abin ya samo asali bayan rasuwar mahaifinsa shekara 6 da suka wuce. Bashi ya fito, ga ƙanne a wuyansa. Barci ya ƙaurace masa, gabansa ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, ko waya ce ta yi ƙara sai ya zabura. Wani abokinsa na kasuwa ya ja shi Sabon Gari, wai ya ɗan kurɓa ya samu barci. Ya samu kuwa, na 'yan watanni. Ni ban farga ba sai da na ga kullum bakinsa da kanumfari da Tom Tom, mutumin da ko goro ba ya ci. Daga baya na tsinci robar lemo a but ɗin mota, ƙarƙashin safayar taya, abin da ke ciki kuwa ba lemo ba ne.

Bara, daren da aka ga watan azumi, ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse ya daina. A gabana ya tuttular da abin da ya rage a makwarara. Har kukan murna na yi. Da buɗa-baki a ranar farko hannunsa na rawa, kunun tsamiya ya zubo masa a gaban riga, ya ce yunwa ce. Rana ta biyu sai gumi da amai, da la'asar kuma ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. A dare na uku ya fara nuna bango yana cewa kyankyasai na saukowa, ya kalle ni ya ce wace ce ke.

Hajiyarsu ta ce iska ce. Aka kawo malami ya yi ruƙiyya, aka turara ɗakin da habbatussauda. Ina tsaye ina kallo, na san abin da ke damunsa, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai ƙarfe biyun dare na roƙi maƙwabcinmu ya kai mu asibiti, a can na ja likita gefe na faɗa masa gaskiya. Ya yi masa allurar diazepam, maganin kwantar da jiki da hana karkarwa, aka sa masa ƙarin ruwa da bitamin B1, aka riƙe mu kwana 5. Ya ce da mun ƙara jinkiri, wannan ruɗewar da ke zuwa kwana biyu zuwa uku bayan an tsayar da sha tana iya kisa.

Da ya ji sana'ar maigidan, sai ya yi mana bayani da yaren mota. Ya ce ƙwaƙwalwa tana da birki, wani sinadari da ake kira GABA, tana da totur, shi ne gulutamet. Giya tana ƙara wa birki ƙarfi, ta danne totur, shi ya sa mai sha yake jin jikinsa ya saki. In aka yi shekaru a haka, sai ƙwaƙwalwa ta sake saiti: ta sassauta nata birkin, ta ƙara buɗe totur, don motar ta ci gaba da tafiya. Ranar da aka janye giyar gaba ɗaya, ga totur a ƙasa, ga birki ya cinye. Rawar hannu da gumi da faɗuwar duk daga nan suke.

Ni da nake zana wa ɗalibai ƙwaƙwalwa a allo duk shekara, kunya ta kama ni. Na koma na yi ta karatu, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne batun tsoron. Can ciki, daidai saitin kunne ta kowane ɓangare, akwai wani ɗan curi da bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba, amigdala, shi ne maigadin da ke busa usur in ya hango haɗari. A jikin wanda giya ta kama, da zarar ta fara barin jini, sai wani sinadarin damuwa mai suna CRF ya ƙaru a wurin, maigadi ya yi ta busa alhali babu ɓarawo. George Koob, masanin da ya zama shugaban cibiyar binciken illar giya ta gwamnatin Amurka a 2014, ya yi shekaru yana nuna haka a jikin ɓeraye: waɗanda suka kamu, in aka toshe hanyar wannan sinadari sai shansu ya ragu, waɗanda ba su kamu ba kuwa ko a jikinsu. Na yi murna na ɗauka an samu magani, ashe da aka gwada irin waɗannan magunguna a kan mutane ba su yi aikin da aka zata ba.

Amma na gane mijina. Daɗin da dofamin, sinadarin jin daɗi na ƙwaƙwalwa, ke kawowa a farkon sha ya daɗe da tafiya, ban ga alamar nishaɗi a fuskarsa ba ko sau ɗaya. Ƙarfe ukun dare yake farkawa, lokacin da giyar ta sake shi, ya zauna bakin gado dafe da ƙirji. Ya fara sha don ya kashe fargaba, yanzu giyar ce ke haifa masa fargabar da ta fi ta farko, ita ce kuma kaɗai ke kwantar da ita na 'yan awanni.

Kada ki ɗauka uzuri nake nema masa. Na san aya ta 90 a Suratul Ma'ida, shi ma ya sani, ya fi kowa ƙyamar kansa. Da ƙafarsa ya je Sabon Gari, ba a ɗaure aka kai shi ba, kuma akwai ranakun da nake jin haushinsa har ba na son jin tarinsa a ƙofar gida.

Da za a sallame mu, likitan ya ce kwana biyar ɗin nan jiki kawai aka ceto. Fargabar takan yi watanni ba ta lafa ba, dole ya ga likitan ƙwaƙwalwa, a Asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau, a duba damuwar tasa ta asali, akwai kuma magunguna irin su naltrexone da ke rage ƙishirwar sha. Da jin Dawanau maigida ya ɗaure fuska: "Ni mahaukaci ne? In 'yan kasuwa suka ji, wa zai ƙara ba ni kaya bashi?" Ya daure wata uku da 'yan kwanaki da ƙarfin hali kawai. Bayan Babbar Sallah na sake jin ƙamshin kanumfari.

To Anti, ga mu a Sha'aban. Shekaranjiya ya ce mini bana ma da an ga wata zai yanke, kuma ba zai je asibiti ba. Har ya ce in samo masa diazepam a kemis ya riƙa sha a gida. Na ƙi, don na san in ta haɗu da giya tana iya tsayar da numfashi, ita kanta ma kama mutum take. Likitan kuma ya gargaɗe mu cewa duk yankewar da aka maimaita takan fi ta baya tsanani.

Da wane baki zan ce wa Musulmi mai niyyar tuba kada ya bar giya yau, ya bari sai an kwantar da shi? Da na gwada, sai ya ce wato so nake ya shiga azumi da ita. Na rasa amsa.

Akwai yayansa, mutum mai hankali, shi kaɗai yake jin maganarsa. In na faɗa masa, na tona asirin da mijina ya haɗa ni da Allah in rufe, kuma in maganar ta kai kunnen Babanmu, na san cewa zai yi in tattaro yara in dawo gida. In na yi shiru, ina tsoron wannan karon in wayi gari da gawa. Shin in faɗa wa Yayan, ko in fara neman malamin da zai zaunar da shi ya nuna masa zuwa asibiti ma cikin tuban yake? Kuma akwai hanyar da za a ga likitan ƙwaƙwalwa a Kano ba tare da an yi layi a idon jama'a ba?

Saura kwana 19 a fara duban wata. Don Allah a taimaka a karanta tawa kafin nan.

Taki,
Wata baiwar Allah, Kano