Barka da Sallah daga Foja, da maganar rumbun Baba

Foja, Italiya
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446 (6 ga Yuni 2025)

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Kafin kowa ka durƙusa gaban Inna a madadina, ka ce mata ɗanta na neman albarka. Ina gaida matan gida, da mai ɗakina da yara, da Auta wanda na san shi zai karanta muku wannan takarda bayan an gama fiɗa.

Da safe muka sallaci Idi a wani fili a bayan gari, mu da 'yan Maroko da 'yan Sanagal da samarin zangon Kumasi. Kabbara dai ita ce, amma babu ƙurar dawaki, babu yaran da za su biyo ka da barka da Sallah. A nan doka ba ta yarda a kayar da rago a ƙofar gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, don haka watanda muka yi, gobe za mu karɓo naman. Layyata tana wurinku.

Na ga hoton ragon da ka sayo a Maigatari. Na san ka so wanda ya fi shi, kuma na san ba ka ji daɗi ba da na ce a cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a ajiye. Kai ne babba, kai ne a mazaunin Baba, Allah ya jiƙansa. Ka yi haƙuri ka ji dalilina.

Ka tuna watan Agustan bara. Ni ina kwance a nan da ciwon baya, mako shida ban fita gona ba, ko sisi ban turo ba. Ku kuma ga zanga-zangar tsadar rayuwa, ga dokar hana fita, ga hatsi ya yi tashin gwauron zabi, sabon gero bai nuna ba. Ba wanda ya gaya min komai. Sai bayan wata biyu Gwaggo ta suɓutar da baki a waya, cewa Inna ta aiki Auta da ƙwarya gidan maƙwabta aron gero, da daddare don kada a gani. Yaya, ranar ban yi barci ba. Gidan da a zamanin Baba ake zuwa da ƙwarya, yau daga cikinsa ƙwarya take fita. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin ni na saba muku da jiran ƙarshen wata, har gida ya koma yana cin abinci daga waya. Aikin gona a ƙasar nan na yini ne, takardar zama kuma sabunta ta ake yi, jiki ma ba ƙarfe ba ne. Ina so ranar da hannuna ya gaza, tukunyar Inna ba za ta sani ba.

Bari in ba ka labarin abin da ya buɗe min ido. Akwai wata tsohuwa kusa da inda muke haya, ta kai sa'ar Inna. Kowace shekara a ƙarshen Agusta, lokacin da tumatir ya yi araha, sai 'ya'yanta da jikokinta su taru tun asuba. A wanke tumatir, a tafasa, a niƙa a wani ɗan inji da ke fitar da ɓawo da 'ya'ya gefe guda, a ɗura a kwalabe da ganyen ɗoɗɗoya ɗaya ɗaya, a toshe bakinsu gam. Sai a jera su a cikin duro da tsummokara a tsakani don kada su fashe, a cika da ruwa, a hura wuta su daɗe suna tafasa, a bar su su kwana a ciki. Bara da na samu sauƙi ni na taya ta saukar da kwalaben ɗakin ƙasa. Na ga miyar shekara guda a jere a kan katako, ga man zaitun, ga busasshen wake, ga barkono a rataye. Matar nan akwai kanti a bakin layinsu, tana da fansho, amma ta ce haka ta ga uwarta tana yi. A garin Cerinyola kuma, nan kusa da mu, akwai wani fili mai ramukan ajiye alkama ɗaruruwa a ƙarƙashin ƙasa, na tun kakanninsu. Da na tsaya a kansu, rumbun Baba ne ya faɗo min a rai, wanda jinkarsa ta zube tun shekarar da ya rasu, awaki ke kwana a gindinsa.

Mu muka fi su sanin wannan aiki, sakinsa kawai muka yi. Da kaka mukan kai gero Gujungu mu sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, saboda biki ko bashi ko kuɗin makaranta, sannan da damina mu koma mu sayo shi da tsada daga hannun wanda ya saya ya ajiye. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin da nake turowa yake auki a lissafi, ba ya auki a kasuwa. Buhun da ke ɗaka kuwa ba ruwansa da canjin naira.

Ban ce a cika rumbu a rana ɗaya ba, da yayyafi kogi kan cika. A lissafina gidanmu yana cin kusan kwano 2 a yini, wato kwano 60 a wata, buhu ɗaya da rabi ke nan. Watannin da suke ba mu wuya huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Buhu 6 ke nan da ba za a taɓa ba sai ruwa ya sauka. Ko bana 3 muka iya, baɗi mu ƙara.

Yanzu ba lokacin saye ba ne, lokacin shiri ne. Da kuɗin da aka cire a gyara rumbun kafin ruwa ya kankama: a share shi, a ƙone tarkacen da ke ciki, a yaɓe tsagogin, a duba duwatsun da yake kai ko gara ta samu hanya, a ɗora sabuwar jinka. Idan kaka ta zo, geron ajiya kada a sussuka shi, a bar shi a daminsa kamar yadda Baba yake yi. Gero a zangarniya ya fi jure ƙwari, kuma shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar ke nan.

Wake shi ne mai wuyar sha'ani, don ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi. Ina roƙonka da girman Allah kada a sake zuba masa fiya-fiya. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da suka ƙi ba 'ya'yansu kada mu ba namu. A nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Ana matse iskar, a ɗaure leda ta ciki ita kaɗai, a ɗaure ta biyu, sannan buhun waje. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba tare da wani magani ba. Sai dai ƙaramar huda ta isa ta ɓata aikin, don haka a ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa. In ba a samu ba, jarkar man girki da aka wanke ta bushe sarai ta wadatar: a cika ta har wuya ana girgizawa, a sa leda a murfin a ɗaure. Wanda za a riƙa ci kullum a ware shi daban, toka da barkono irin na Inna sun ishe shi.

Danshi kuma ya fi ƙwaro sharri, musamman ga masara da gyaɗa, domin rumar da ke kama su guba ce ga hanta, dafuwa ba ta kashe ta. Ga yadda za a gane bushewa: a sa ɗan hatsin a busasshiyar kwalba da cokalin gishiri busasshe, a rufe a girgiza, a ɗan jira. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura, a mayar rana.

Auta, nan ka ɗaga murya mata su ji, don rabin aikin nasu ne. Damina ta zo da rama da tafasa da zogale da kuɓewa, kada a ci a bar saura ya ruɓe. Ganye a shanya shi a inuwa don kada ya ƙone, kuɓewa a yanka a busar. Da rani in tumatir ya faɗi a yi kauɗa mai yawa, kwalaben tsohuwar nan a wurinmu rana ce take yin aikinsu. Daddawa da kuka da gishiri da kanwa a tara su sannu a hankali. Kuma duk wadda za ta auna hatsin tuwo ta ɗebi tafin hannu ɗaya ta zuba a tukunya ta daban, kamar yadda Kaka take yi. Ba a jin sa a ciki, amma a wata ya kusa kwano biyu. Naman yau ma, bayan an fitar da na maƙwabta da na mabuƙata, a soya na ajiya ya yi ƙamas a barshi cikin mansa, a yi dambu, saboda iskar yanzu ba ta shanya ba ce. Mai ɗakina ta ce tana son tunkiya biyu maimakon atamfar da na yi mata alkawari. Na amince, ka taya ta zaɓa in dabbobi sun sauko bayan Sallah.

Na san Kawu zai ce wannan ɓoye abinci ne, ko rashin tawakkali. Ka gaya masa cikin ladabi cewa mai ɓoyewa shi ne wanda ya kwashe na kasuwa yana jiran mutane su galabaita ya sayar. Ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Za mu fitar da zakka tun a gona in ta kai, kuma gidan da suka ara wa Inna gero a daren nan, in suka zo da tasu ƙwaryar ina so a cika ta har ta zuba.

Daga wannan watan zan riƙa raba abin da nake turowa gida biyu, na cefane da na rumbu. Na rumbun ya zauna a hannunka har kaka, kuma mabuɗin ɗakin ajiya a hannun Inna. Ku auna min ainihin kwano nawa ake ci a mako guda, Auta ya turo min kafin Juma'a mai zuwa tare da hoton rumbun yadda yake yanzu, in san yawan shuci da igiyar da za a saya.

A sa Inna ta yi min magana a waya yau ko da minti ɗaya ne, ina so in ji muryarta da hayaniyar gida a bayanta. Allah ya karɓi ibadunmu, ya ba da damina mai albarka.

Ƙaninka,
daga Foja