Kainuwar da ta shaƙe kogin Isa ta fi ƙarfin gayyar yini ɗaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure da ke mamaye kogin Isa, wato kogin Neja, a nan Yamai. An ce kainuwa dashen Allah, amma wannan kam ɗan Adam ne ya yi dakonta. Daga Kudancin Amurka ta fito, aka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa saboda kyan furenta.

Wanda ya sauka bakin ruwa ta wajen Gamkalle ko Saga ya gani da idonsa. Masunci ya jefa birgi, ya jawo ganye da saiwoyi. Mai kwalekwale ya yi ta dannawa da gora har gumi ya jiƙa shi, bai kai tsakiyar ruwa ba. A ƙarƙashinta hasken rana ba ya ratsawa, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare, ga sauro da katantanwar tsargiya sun sami maɓoya.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke yaƙarta. A tara matasa, a kwaso ta, a jibge a gaɓa, a ɗau hoto, kowa ya watse. Ruwa na ƙaruwa ya janye abinsa. Alhali tsiron nan yana iya ninka kansa cikin mako biyu, irinsa kuma yakan yi shekara 20 a laka bai mutu ba.

Ni malamin kimiyya ne, kuma nakan ba ɗalibaina labarin tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu, don su ga wuyar kawar da baƙuwar halitta irin wannan kainuwa idan ta sami gindin zama. A 1949 aka kai kyanwa biyar don su kama ɓeraye a tashar binciken yanayi. Suka bar ɓera suka koma kan tsuntsayen teku, kafin 1977 sun kai kusan 3,400. Guba, tarko, bindiga, har cutar kyanwa aka sakar musu, ba a ga bayansu ba sai 1991. Ɓerayen da aka ƙyale kuwa suna nan, yau su ke cin 'ya'yan tsuntsaye da ransu a cikin sheƙa. Wallahi abin tausayi.

Saboda haka ina kira ga hukumomin muhalli da na birni su mai da kwasar kainuwa aikin kowane wata, a ba masunta ladansu, a kai ta nesa da gaɓa ta bushe a yi taki da ita ga masu lambu. A Tafkin Biktoriya an rage ta ƙwarai a ƙarshen shekarun 1990 da wani ƙwaro mai cin ta. Masananmu na Jami'ar Abdou Moumouni su duba ko zai yi mana, amma kada a saki komai a koginmu sai an tabbatar ba zai taɓa shinkafar Saga ba.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Harobanda, Yamai