Ƙafar maigidana ta yi sanyi, shi kuma ya ce aikin gama ya gama

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari.

A kan maigidana nake neman shawararka. Shekararsa 52, ya haura shekara 30 yana shan sigari, kwali guda kullum.

Wata takwas ke nan, da ya ɗan taka sai sha-raɓarsa ta hagu ta ƙulle, ya tsaya ya dafa bango kamar minti biyu kafin ta sake shi. Da dare in na taɓa ƙafar sai in ji ta sanyi ƙalau, alhali ɗayar da ɗuminta. Gashin ƙwaurin ma ya zube. Abin da ke hana ni barci shi ne ɗan ciwon da takalmi ya ji masa a babban yatsa, yau mako shida ya ƙi warkewa.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Likitan ya auna jininsa a hannu da idon sawu, ya ce na ƙafar ya yi ƙasa sosai. Wai nikotin, sinadarin da ke cikin sigari, na matse jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana lalata bangonsu daga ciki, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntata, jinin ya riƙa saurin daskarewa. Ya ce in haka ta faru a jijiyoyin zuciya ko na ƙwaƙwalwa, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Da ya ambaci yanke ƙafa, wallahi gabana ya faɗi.

Maigidana ya bar sigarin kwana huɗu, ya dinga faɗa da kowa a gidan, sannan ya koma. Yanzu cewa yake aikin gama ya gama. Ni kuwa na ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara ɗaya da dainawa, haɗarin ciwon zuciya kan ragu da kusan rabi. Na faɗa masa, ya ce to ƙafar fa?

Likita, jijiyar da ta riga ta toshe tana buɗewa in ya daina, ko dai ɓarnar ce kawai za ta tsaya? Rage karan zuwa biyar a rana, kamar yadda yake so, zai yi wani amfani? Cingam ɗin nikotin ya dace da mai irin wannan ciwo? Sannan ta yaya zan yi masa magana ba tare da ya ga kamar gori nake masa ba? Mutumin kirki ne, tsoro ne ya cika shi, yana ɓoyewa.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai sauraron shirinku kullum.