Kaifi ba na wuƙa kaɗai ba ne

Malam Edita, salamu alaikum daga Damagaram. Ɗana ya dawo daga lakwal yana tambayata kalmar Ingilishi sharp, wai mushensu, wato malaminsu, ya ce wuƙa ce mai kaifi amma kuma ya gani an faɗa ma mutum. Na ce masa je ka kasuwar Dole ka dubi mahauci yana wasa wuƙarsa, wannan shi ne asalin kaifin, sauran duk aro ne, kamar yadda mu ma muke cewa kaifin basira ko kaifin harshe ga wanda ba ya kwana-kwana in zai faɗa maka gaskiya. Har ga lokaci masu Ingilishi suna sa wannan kalma, in sun ce eight sharp, ƙarfe takwas cif ke nan. Don Allah malamai su riƙa farawa da Hausarmu, yaran sun fi saurin kamawa wallahi.

Mai karatunku daga Zinder