A Adana Littattafan Soyayya Kafin Gara Ta Cinye Su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci a kan mujallun soyayya masu zane da suka yi tashe a Amurka, tun daga Young Romance wadda Joe Simon da Jack Kirby suka fito da ita a 1947. Ana zana labarin saurayi da budurwa hoto bayan hoto, maganarsu na rubuce cikin da'ira bisa kawunansu, kuma galibin masu saye 'yan mata ne. A 1954 mawallafa suka kafa wa kansu hukumar tacewa saboda ƙorafin jama'a, labaran suka yi sanyi, har kasuwar ta durƙushe a shekarun 1970. Yau ɗakunan karatu na jami'o'i ne ke tattara waɗannan takardu da aka raina jiya.

Wannan ya tuna mini da namu littattafan soyayya na Hausa, waɗanda su ma a takarda mai araha aka buga su, kuma da idona na ga kwali guda na yayata da gara ta cinye, abin da har yanzu yake yi mini ciwo. Ina roƙon Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta nemi irinsu daga hannun jama'a, ta ɗauki hoton shafukansu a kwamfuta.

Mai karatunku,
daga Mabera, Sakkwato